Haruffa Biyu a Gefen Dama

Litinin, 3 ga Maris

Allah ya yi wa sana'armu albarka. Babu masu amana irin mu masu gyaran kwamfuta: ka kawo mana kaya da ƙura, mu mayar maka tas, har nauyinsa ya ragu. Watanni huɗu ke nan da na rage wa kwamfutar Gwaggo nauyi. Ta ba ni in share mata ƙura, na buɗe na ga katin hoto na asali, mai aika rubutu da hoto zuwa allo, irin wanda aka daina yi tun ina firamare. Mai Tarkace, wanda ke tara tsofaffin injuna yana shafa su kamar jarirai, ya gani ya rikice. Na sayar masa, na cusa mata wani mai kama da shi. Tsohuwa mai buga tarihin dangi, ina ruwanta da kati?

Yau ta aiko in zo.

Laraba, 5 ga Maris

Na je. Gefen dama na allon yana rawa, haruffa biyun ƙarshe na kowane layi sun karkace kamar an ja su da ƙugiya. Kallo ɗaya na san katina ne bai jitu da allonta ba.

Ta ce, "Kai Sarkin Baki, duba min nan. Kana ganin yana motsi?"

Na matsa, na ƙanƙance ido irin na ƙwararru, na ce, "Ni dai ban ga komai ba, Gwaggo."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta ce, "To, idon ne ke nan."

Na ci abincinta, har da ƙari.

Asabar, 8 ga Maris

Ciniki ya yi kyau. Ba abin rubutawa.

Talata, 11 ga Maris

An sauke min kwali a ƙofar shago. Kwamfutar ce, da allon, da zanen da take rufe su da shi, an ninke. Ga takarda da rubutunta manya-manya: ido ya ƙare, likita ya ce bai ga sabon abu ba amma likitocin yanzu yara ne, ta tsaya a shafi na casa'in da ɗaya, ta bar min injin tunda ni na san darajarsa.

Na san darajarsa kuwa.

Shekara talatin tana buga takardu a ofis, da yatsun nan ta yi min makaranta bayan rasuwar Baba. Ko haihuwar Baban ba ta kai ba a tarihin.

Laraba, 12 ga Maris

Na je wurin Mai Tarkace da fara'ata duka. Ya ce katin ya yi gaba tuni, wani ya saya. Ya ƙara da cewa, "Ai ka ce mai shi ta mutu." Na manta na faɗi haka. Wallahi na manta.

Alhamis, 13 ga Maris

Na rufe shago rabin yini. Na canza waya, yana rawa. Na murɗa maɓallan bayan allon, rawar ta koma hagu ta cinye farkon layi. Na goge haƙoran katin, na sake zaunar da shi, na canza 'yan ƙwayoyin lantarki biyu da suka kumbura a jikinsa, na ƙona yatsa da dalma. Ya ragu. Bai tafi ba. Na gwada katuna uku na maƙwabta, biyu ko kunnuwa ba su yi ba, na ukun bai hana rawar ba.

Uwar yara ta ce me ya same ni nake magana da inji. Na ce kwastoma ce mai tsiya. Ta ɗaga zanen Gwaggo ta duba, ta ajiye, ta yi ficewarta. Gara da ta zage ni.

Asabar, 15 ga Maris

Dabara ta zo min: in ce na gano ɗan lahani a allon, na gyara rabi, ashe ba idonta ba ne. In fito gwani. Na haddace maganar a hanya, har da inda zan yi dariya.

Na mayar mata da injin, na haɗa, na kunna. Ta zauna nesa, ta ƙi kallo. Ta ce kada in wahalar da kaina, ta riga ta sallama, har ta fara koyon lalube hanyar banɗaki ido rufe don kada abin ya zo mata ba shiri.

Maganar da na haddace ta gudu. Na ce, "Gwaggo, ni ma ina ganin rawar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika tambaye ni."

Sauran ya fito da kansa, kati da Mai Tarkace da komai. Ban da zancen mutuwar. Wannan ni da Allah.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta sa tabarau ta jawo kujera. Ta ce, "Matsa min, ɓarawo, ka tare haske."

Asabar, 22 ga Maris

Mun rage faɗin layi da haruffa uku, rubutun ya kauce wa rawar. Abin minti biyu. Ita ta kawo shawarar, ba ni ba.

Shafi na casa'in da takwas. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kore ni ba. Na zauna ina miƙa mata tsofaffin wasiƙu har la'asar, ranar kasuwa guda, ba wanda ya sa ni. An haifi Baba yau a tarihin. Ta ce babina yana nan tafe, kuma ita ba ta rage wa tarihi nauyi.

Ina ta neman katin dai. Amma in na samu allon ya daidaita, da wane dalili zan riƙa zuwa?