Tashar da Baba Zai Hau Jirgi

Chongqing

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina fata gwiwar nan ta bar ka ka huta. Guifen ce, daga bayan buhunan barkono nake rubuto maka.

Baba, ina taya ka murna da ɗan da ka haifa. Irin Yaya Dezhong ba a samun biyunsa a gida ɗaya. Mutumin da zai sayar maka da lemo, ya tsaya ka ɓare, ya karɓi ɓawon ya shanya don ya sayar, ai ba marowaci za a kira shi ba, masani ne. Da na ce mu haɗa hannu mu sa ka a jirgin ruwa na masu yawon kallo, ka ga tsaunukan nan da ka tsufa kana gani a jikin kalanda, bai tambayi ko gadon da laushi ba. Cewa ya yi, "Daga wace tasha ya fi araha?"

To ga abin da ke raina. Tun rasuwar Mama muke karɓa-karɓa da kai, rabin shekara wurinsa a Yichang, rabi wurina, kuma ranar haihuwarka kullum a rabonsa take faɗowa. Ban taɓa murza maka taliyar tsawon rai da hannuna ba, mai zare ɗaya da ake ci ranar haihuwa. Bana kake sittin da tara, ka kuma san al'adar garinmu: namiji a kan tara ake masa babban biki, ba a jiran goma ta cika. Yaya ya daɗe da barin gida, ya manta. Baɗi yake wa shiri, har agwagi ya fara kiwo.

Jirgin nan hanya ɗaya yake kai mutum. Wanda ya hau a nan, Yichang zai sauka. Wanda ya hau a Yichang, a ƙofata zai sauka, kuma akwai mai isowa ana gobe ranarka. Saboda haka zan rubuta wa Yaya in kafe cewa lallai daga Chongqing za ka tashi. Ka san shi, in na ce gabas, yamma zai nufa ko da rami a gabansa.

Kai dai ka yi shiru, Baba. Shi kaɗai nake roƙo.

'Yarka,
Guifen

Yichang

Ƙanwata Guifen,

Gaisuwa. Muna lafiya, matata Shuqin da yara na gaishe ki.

Na ga takardarki. Wato a ɗora tsoho a mota, ya sha girgiza a kan duwatsu har Chongqing, don kawai ya hau jirgin da zai maido shi inda ya baro? Yaji ya fara taɓa miki kai.

Na je tasha da ƙafata. Jirgin da ke gangarowa shi kowa ke rububi, shi ya sa ake tsawwala masa kuɗi. Mai haurawa ya fi sauƙi, ga shi yana jan jiki, ya fi daɗewa a ruwa. Ka biya kaɗan, ka kalli dutse da yawa, a kuma ƙara maka kwanan cin abinci. Na ce wa mai tikiti, "Tsaunin masu haurawa daban ne?" Ya ce, "Shi ne dai, kawu, sai dai ƙeyarsa za ka fara gani." Na ce ba ni ɗaya.

Daga Yichang zai tashi, magana ta ƙare. Na san ranar haihuwarsa za ta same shi a wurinki. Ki dafa masa ƙwai, bana ƙaramar shekara ce. Baɗi kya zo ki ga yadda manya ke biki.

Yayanki,
Dezhong

Yichang

Guifen 'yata,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi tun da na ji maganar jirgi.

Na yi shiru kamar yadda kika ce. Ban gaya wa kowa ba sai tsoho Tan, abokin hirata a gidan shayi, shi ma don ya ga ina murmushi ni kaɗai ya zaci na fara ruɗewa. Sai kuma mai aski, tunda ba a ɓoye wa mai riƙe da aska a wuyanka magana.

Na sayi sabuwar hula saboda iskar kogi. Shuqin ta ce na yi kama da matuƙin jirgi. Yarinyar tana da ido.

Ubanki

Yichang

Ƙanwata sarauniyar dabara,

Ina gaishe ki, duk da haka.

Jiya na je aski. Mutumin ya shafa mini kumfa, ya ce, "Ashe bikin tara a Chongqing za a yi? Ka kyauta da ka bar wa ƙanwarka." Saura kaɗan in yanka kaina da askarsa. Na dawo gida na tarar da Baba yana gyara hula a madubi. Na ce, "Baba, har da kai aka haɗa baki?" Ya ce, "Ni shiru aka ce in yi."

Tikiti ba a mayarwa, ni kuwa ban taɓa asarar abin da na biya ba. Sai na koma tasha. Ashe can ƙasan jirgi, kusa da inji, akwai wurin shimfiɗa tabarma, kusan kyauta, in kuna da yawa ma a rage muku. To muna da yawa. Ni, Shuqin, yara, iyayen Shuqin, tsoho Tan da matarsa. Mai askin ma ya rufe shago, ya ce ba a bikin da ya san sirrinsa ba shi.

Agwagi ba za su zo ba. Mai masauki ke ciyarwa.

Ki tare mu a tasha da 'yan dako.

Yayanki,
Dezhong

Chongqing

Yaya,

Gaisuwa, da fatan ka isa lafiya ka tarar da lemonka bai ruɓe ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa ganin Baba haka ba. Yadda ya tsaya a saman jirgi da hularsa yana ɗaga wa 'yan dako hannu, ka ce shi ya tuƙo shi. Har yau in mai saye ya tsaya a rumfata sai ya ji labarin tsaunuka, kuma kullum ƙara tsawo suke. Ku kuwa kuka fito daga ƙasa baƙi ƙirin kuna ihu, inji ya toshe muku kunne, sai na yafe maka rabin laifinka nan take.

Teburan kasuwa da na aro sun tare layi, maƙwabta ba wanda ya yi gunaguni tunda duk suna zaune a kai. Taliyar ta fito zare ɗaya, Baba ya zuƙe ta bai tsinka ba. Na ga ka juya baya kana share ido, ka ce barkonona ne. To na ji.

Ka hau mota da sassafe ka gudu, ka bar mini sauran. Surukanka sun tafi, tsoho Tan ya tafi. Mai aski kuwa ya ji kuɗin jirgin gangarawa, ya kafa kujera a gefen rumfata, ya ce iskar nan ta karɓe shi. Tare da Baba yake cin abinci.

Na samu Baba da bikinsa, kai ka samu araha, babu wanda aka cuta. Amma gaya mini, Yaya, mai askin nan shi ma rabin shekara wurina, rabi wurinka?

Ƙanwarka,
Guifen