Gyaran da na hana a kasuwar Roni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, an ba ni darasin farashi in koyar a wata makaranta a Kazaure, sai na ɗauko tsohon littafina na tattalin arziki. Tun da na buɗe shi wani laifi da na ɓoye miki ya hana ni sukuni.

Kin tuna daminar da ciwon ƙafa ya kwantar da ke, na zauna miki a kan geronki a kasuwar Roni? Shekarata ɗaya a jami'a, ji nake na fi kowa sani. Littafin ya ce in kaya ya yi wuya, masu nema suka yi yawa, farashi hawa yake. Bai yi ƙarya ba. Ni ce sarkin zaƙewa, na ƙara kuɗin kwano, na kuma soke gyara.

Ƙawarki Gwaggo Tabawa ta sayi kwano ɗaya, ta tsaya riƙe da bakin buhu tana jiran gyara. Na kau da kai. Ta ɗaure buhunta, ta ce in gaishe ki da jiki.

Da na koma gida kika ga kuɗin sun fi na kullum, kika ce, "Bokon nan dai bai tashi a banza ba." Na sha yabo, ban faɗa miki na soke gyara ba.

Sai a zaman makokinki na ji mata suna cewa gyaran da kike wa Gwaggo Tabawa ya kusa rabin kwano, da shi take dama wa jikokinta marayu kunu. Ba ta karɓar sadaka, shi ya sa kike ɓoye taki sadakar a cikin awo.

Jiya na hau acaɓa na je ƙauyensu neman gafara. Ta tsufa, idanu sun tafi. Ta ce ni ba ni da laifi, ai yaro abin da aka sa shi yake yi. Ashe duk shekarun nan ta ɗauka ke kika gaji da ita, shi ya sa ba ta sake zuwa wurinki ba. Ke kuwa har kika bar duniya kina tambayar me kika yi wa Tabawa.

Na faɗa mata gaskiya, Inna. Ta daɗe tana kuka tana kiran sunanki. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ku a Aljanna. Ita ta yafe mini. Taki yafiyar ce ba ni da hanyar ji.

'Yarki,
Rabi