Shirun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma na gaishe da Baba bai amsa ba. Tun da na ajiye koyarwar da ya sama mini na koma aikin kwamfuta nake ganin haka. Zuciyata ta ba ni fushi yake.

Laraba, 5 ga Maris

A ofis muna koya wa na'ura yin hasashen cuta a inda babu tabbas. Likitan da ke taimaka mana ya ƙi ba mu alƙaluma, wai shi dai ya san wannan na ƙara yiwuwar wancan. Sai muka ja kibiyoyi daga sanadi zuwa alama. Dogo, abokin aikina, ya nuna mini wata ƙa'ida: idan abu biyu na iya jawo alama ɗaya, aka tabbatar da ɗaya, zargin ɗayan sai ya ragu.

Na zana shirun Baba a bayan takarda. Kibiya ɗaya tak na ja: fushi. Dogo ya leƙo ya ce, “Malama, ko na'urar ma ba ta yarda da sanadi ɗaya.” Ɗan sa-ido kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Rediyon Baba har bakin titi ake ji. Yaya ya ce ya daɗe a haka. Ni ina hankalina yake?

Talata, 11 ga Maris

Mun kai Baba asibiti. Kunne ne! Jinsa ya ragu sosai, na hagu ya fi raguwa. Allah Ya yafe mini, murna na yi. Likita na bayani ina danne dariya.

Juma'a, 21 ga Maris

An sa masa na'urar ji. Na gaishe shi, ya juyo da sauri.

“Ashe kina gaishe ni? Na ɗauka ke kika daina.”

Na shige banɗaki na sha kukana.

Lahadi, 23 ga Maris

Ƙa'idar ta ce zargi ya ragu, ba ta ce ya tafi ba. Na ɗauko takarda zan sake zane, sai na ajiye. Na je na zauna ta gefen kunnensa na dama.

“Baba, ka yi fushi da na bar koyarwa?”

“Na yi mana,” in ji shi. “Sati guda. Yanzu faɗa mini, me kuke yi ne a wurin? Ɗaga murya.”

Har shayinsa ya huce ina bayani.