Darasin Gajimare a Makarantar Wasu

Litinin, 3 ga Maris

Saura min kwas ɗaya na zaɓi in gama digirin ƙididdiga. Duk na nan jami'armu na duba, ba wanda ya kwanta min. Amma kwalejin da ke bayan tashar jirgi suna koyar da ilimin gajimare, kuma a saman bene suke darasi, ba rufi. Tunda na ji haka hankalina ya koma can.

Alhamis, 6 ga Maris

Doka ta ce ana iya ɗaukar kwas a wata makaranta a lissafa wa mutum a nan, in shugaban sashe ya ba da izini kafin a fara. Na tare Farfesa, shugaban sashenmu, a bakin matakala, na rusuna na gaishe shi, na faɗa masa. Ya yi dariya. "Gajimare kuma? Je ki, 'yata, ba damuwa." 'Yar ɗakinmu ta ce in koma ya rubuta min. Haba. Mutumin da a haife ya haife ni ya yi magana, in ce masa rubuta? Kamar na ƙaryata shi ke nan.

Talata, 18 ga Maris

Mun kwanta rigingine a kan siminti, mu duka, kamar shanya. Malamar ta ce kada wanda ya rubuta komai, a kalla kawai. Ashe kowane gajimare da sunansa. Akwai na can ƙoli, siriri kamar gashin tsohuwa, wai ƙanƙara ce zalla. Ban san lokacin da aka tashi ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na wuce tashar da zan sauka, ina kallon sama ta tagar bas.

Asabar, 3 ga Mayu

Na je shagon Abba. Yana gyaran wani keken ɗinki, hannu duk baƙin mai, yana gaya wa mai walda na kusa da shi cewa bana zan sa hular digiri. Ashe duk layin ya gaya wa. Har ya goge ƙusar da zai rataya hotona, a saman kalanda. Na ji daɗi, na kuma ji nauyi. Ya ce, "To, malamar sama, za a yi ruwa?" Na ce ban kai nan ba tukuna.

Laraba, 11 ga Yuni

Na kai sakamakona ofishin rajista. Maki mafi kyau da na taɓa samu. Matar ta duba, ta ce ina izinin? Na ce Farfesa ya ce ba damuwa. Ta cire tabarau. "A ina ya faɗa?" A matakala. "Matakala ba ta sa hannu, 'yan mata." Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya fi min ciwo. Izini kafin a fara ne, a rubuce, ba a ba da shi daga baya. Farfesa kuwa ya yi ritaya tun watan jiya.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na same shi a waya. Ya tuna, ya ba ni haƙuri, ya ce da na kawo takarda ai da ya sa hannu a tsaye. Ba yadda zai yi yanzu. Sai na ƙara zango guda. 'Yar ɗakinmu ba ta ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka mata da alheri. Shayi kawai ta miƙo min.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na gaya wa Abba. Ya daɗe yana juya sukurdireba a hannunsa. Na yi kuka, kunyar layin nan nake ji masa. Can ya ce, "Abin da kika koyo a saman benen, sun karɓe shi?" Na ce a'a. "To ƙusa ba ta gudu."

Alhamis, 4 ga Satumba

Kwalejin sun buɗe kashi na biyu, na hadari da iska. Wannan karon na tsaya a gaban teburin sabon shugaban sashe har ya sa hannu, ya ce in dawo gobe na ce zan jira, Malam. Ko kunya ban ji ba.

Yau muna sama tun hantsi. Wani hadari ya taso daga gabas, ya yi tsiri, kansa ya baje. Malamar ta tambaya, na ce zai wuce ta kudu, ba zai zubo mana ba. Ya wuce. Na kira Abba na ce kada ya shigar da kekunan da ya jera a waje.

Sai da na sauko na ga hotuna a waya, 'yan ajinmu cikin riguna da huluna. Ashe yau ne bikin yaye ɗalibai. Ya kamata in ji wani abu, ina ga. Zan ji gobe. Yanzu dai ina son in zana hadarin nan kafin siffarsa ta ɓace min.