Abin da Sista Gajeriya ta sani

Talata, 4 ga Maris

Kwana tara da rasuwar Yaya. Na buɗe shagon ɗinkinmu, na kalli keken ɗinkinta, na rufe na dawo gida.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je asibiti mayar da keken guragun da suka ara mana. Ban sami Sista Gajeriya ba, nas ɗin da ta yi wata huɗu tana kula da Yaya tun da ciwon daji ya tashi daga ƙoda ya kama hanta. Yaya ce ta sa mata sunan, ita kuwa amsawa take tana dariya.

Wata sabuwar nas na tarar. Ta yi min gaisuwa, sai ta ce, "Ai kun yi ƙarfin hali, tun da ta sa hannu a dakatar da maganin." Na ce wane magani? Ta dube ni, ta dubi fayil, ta rufe shi da sauri.

Amma na riga na hango kwanan watan: sati shida kafin ta rasu ta sa hannun. Ruwan da nake zama ina ƙirga ɗigarsa, ashe na rage zafi ne kawai.

Juma'a, 7 ga Maris

Kowa ya sani ban da ni. Har mai share ɗakin, ina jin.

Lahadi, 9 ga Maris

Abin da ke cina shi ne robar nan mai layi-layi. Gajeriya ce ta ba ni, ta koya min auna fitsarin Yaya in rubuta a takarda. Ni da karatuna bai yi nisa ba, sai na duba sau biyu kada in ɓata lamba. Kullum da safe ta karɓa ta ce, "Madalla, Auta, ke ce ƙaramar nas ɗinmu." Ran da ya ƙaru da layi ɗaya har rungume ta na yi. Ta bar ni na rungume ta.

Da na sani da ban yi wa Yaya tsawa ba. Kwana biyu kafin ta tafi ta ture cokali, na ce, "Ki ci mana! So kike ki mutu ki bar ni?" Na fita ina huci. Matar da ta goya ni tun rasuwar Inna. Ban roƙi gafararta ba, don na ɗauka akwai sauran lokaci.

Laraba, 12 ga Maris

Gajeriya ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Litinin, 17 ga Maris

Ta zo har gida da kayan aiki a jikinta. Ban ba ta kujera ba, Allah ya yafe min.

Na ce, "Sista, na ɗauke ki 'yar'uwa."

Ta ce ciwon na Yaya ne, sirrin ma nata ne, aikinsu bai ba ta damar buɗe baki ba sai mara lafiya ya yarda. Wai sau uku tana roƙon ta ta gaya min. Yaya ta ce, "Idan Auta ta sani, zama za ta yi tana kallona kamar gawa. Ku bar ta da robarta."

Muryar Yaya ce sak. Abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na ce to aunawar fa, wasan yara kuka ba ni? Ta rantse da lambobina suke daidaita maganin zafin don kada ya yi wa ƙodar yawa. Oho. Wanda ya iya ɓoye wancan...

Da za ta tafi ta ce Yaya kan yi mata hira lokacin da take juya ta tana goge mata baya, duk ran da nake son ji in neme ta. Na ce ba na so.

Juma'a, 21 ga Maris

Na ɗinka riga ɗaya. Wuyan ya karkace.

Asabar, 29 ga Maris

Zare na je saye, kuma kowa ya san shagon zaren yana kusa da asibiti. Ƙarfe biyu Gajeriya ta fito daga aiki, tana jan ƙafa, idon sawunta a kumbure. Muka zauna a bencin bakin ƙofa.

Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya suɓuce. Na ce, ranar cokalin nan, bayan na fita, ta yi kuka?

Ta ce dariya ta yi har sai da ta riƙe gefen cikinta. Wai ta ce, "Kin ji Auta? Kowa lallashina yake, ita kaɗai ta rage mai yi min faɗa kamar mai sauran kwana."

Ban san ko gaskiya ba ne. Nas ce, ta iya kwantar da hankali. Amma riƙe cikin nan, haka Yaya take yi.

Ban ce na yafe ba. Jakarta dai da nauyi, na riƙe mata har tasha.