An Bar Ni Gadin Jakunkuna a Gindin Duwatsun Kazaure

Zuwa ga Shugaban Sashen Ilimin Duwatsu na jami'ar da na yi karatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗalibi ga malaminsa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malaman sashe. Sunana Sadisu Haladu, mutumin Gagarawa. Wataƙila sunan ya ɓace maka, amma za ka tuna ɗalibin nan mai jan ƙafar hagu, wanda shan inna ya taɓa tun yana ƙarami. Na yi ta zarya ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na fito fili. Na ɓoye sunan jami'a da na malamai, domin ba tozarta kowa nake so ba.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Gagarawa har Maigatari rairayi ne da gonakin gero, ba tudun da ya wuce jigawa. Ranar da aka faɗa mana a aji cewa duwatsun Kazaure saura ne na wasu manyan tsaunuka, waɗanda suka taso sa'ad da sassan ƙasa biyu suka matsi juna har dutse ya lanƙwashe, ruwa da iska kuma suka cinye su a hankali, tun daga nan nake jiran tafiyar shekarar ƙarshe, in gani da idona. Ga abin da ya faru.

Na farko. Da safen da muka isa gindin duwatsun, an raba mu rukuni-rukuni, an ba kowane rukuni guduma da taswira da kamfas, na'urar awon alƙibla da karkatar dutse. Ni ba a kira sunana ba. Malamin da ya jagoranci tafiyar ya ce, "Sadisu, kai zauna ka kula mana da jakunkuna." Na ce masa ina iya tafiya, sai dai a hankali. Ya ce hanyar da nisa, ba za a jira kowa ba. Bai faɗa da faɗa ba, har kafaɗata ya dafa. Haka na zauna a gindin wata tsamiya kusa da mota, ina kallon abokaina suna hawa har suka koma kamar tururuwa. Direba ya tafi cikin gari. Tun ina jiyo ƙarar guduma har na daina. Kullum haka, har tafiyar ta ƙare. Da yamma in sun dawo suna gardama a kan abin da suka gani, ni sai in miƙa wa kowa jakarsa.

Na biyu. Ban zauna kawai ba. Wata rana Nura, abokina ɗan Maigatari, ya bar mini kamfas ɗinsa. Na dogara sandata na bi gefen titi har inda aka fasa dutse lokacin aikin hanya. A nan na ga abin da na zo nema: dutse ya naɗe kamar an ninke bargo, ga farar jijiya ta ratsa shi. Na shafa shi da hannuna. Na waiga in nuna wa wani, ba kowa sai awaki. Na auna inda ya karkata, na zana shi, na kai wa malamin bayan sun sauko. Ya ce wurin ba ya cikin hanyar da aka tsara, bai ko karɓa ya duba ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Da sakamako ya fito, an rubuta ban halarci aikin fili ba, don haka na faɗi. Ranka ya daɗe, motarku ce ta kai ni, malaminku ne ya zaunar da ni. Nura ya so in kwafi awonsa in kai rahoto, na ƙi, don kowa ya san ban hau ba. Da shekara ta zagayo na koma in sake, aka ce hanyar tana nan yadda take, kuma babu wani tanadi ga irina. Sauran darussa duka na ci su. Wannan ɗaya ne ya riƙe mini shaidar kammalawa.

Yanzu ina gida. 'Yan ajinmu sun tafi bautar ƙasa, hotunansu kawai nake gani a waya, kiran ma ya ragu. Ina wuni a shagon cajin waya na yayana a Gagarawa Tasha. Masu zuwa suna ce mini Injiniya, wasu da gaske, wasu da zolaya. Babu wanda zan yi wa zancen dutse ya fahimta. Mahaifiyata kuwa ta ji ana cewa korata aka yi. Ba ta taɓa tambayata ba, sai dai ta ajiye mini abinci ta tsaya kallona.

Roƙona kaɗan ne. A gyara rubutun nan na cewa ban halarta ba, domin ba gaskiya ba ne. A haɗa ni da malami ɗaya, mu je inda babur ke kaiwa, a ba ni guduma da kamfas, a jarraba ni kamar kowa. In na faɗi a nan, na yarda. A kuma yi wa masu zuwa bayana tanadi tun kafin mota ta tashi. Idan kuwa hukuncin sashe shi ne mai ƙafa irin tawa ba ya zama masanin duwatsu, to a rubuta haka ƙarara, ka sa hannu, in samu abin da zan karanta wa mahaifiyata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan kujera, ya sa ka gama da ɗalibanka lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinka har yanzu,
Sadisu Haladu, Gagarawa