Koken Sodangi

Lahadi, 28 ga Afrilu, 2024

Yau na gane abin da ya faru. Ina zaune bisa tabarmar takaba, Uwaliya yayata ta amso wayar maigidana daga wurin caji, ta ce ko zan so in ga hotunanshi. Hotuna nike nema, sai yatsana ya faɗa cikin guruf ɗinsu na hira na 'yan sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda bisa tebur.

Na san da guruf ɗin tun da daɗewa. Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ne, duk mai riƙe sanda. Tambari ne shugaba, shi ke sa mutum, shi ke cirewa. Tambari ɗan Kawu Maccido, taubashin maigidana, waɗanda tun suna yara ba su iya gaisawa sai da zagi. Dokarsu ma na san ta, don a gabana ake dariyarta. Wanda ya jefa baƙar ƙwallo rami tun lokacinta bai yi ba, an kore shi daga guruf har Juma'a, sai fa in ya yi koke. Koke shi ne ya aika ma Tambari murya, ya shirga ƙaryar wani bala'in da ya same shi, Tambari ya tura ma jama'a. In sun yi dariya a maido shi.

Ran Litinin ta makon da ya rasu maigidana ya jefa baƙar, anka kore shi. Ran Talata da hantsi maciji ya sare shi a gonar shinkafa.

Guruf a rufe gare shi, sai ya aika ma Tambari, don shi ke da mashin. Na ji muryar da kunnena. "Tambari, maciji ya sare ni, ina bakin kanal gindin giginya, zo ka ɗauke ni." Tambari ya amsa shina dariya har da tari: "Kai ɗan gwaggo, ko mesa ta haɗiye ka sai Juma'a!" Maigidana ya sake aikawa, numfashi na yanke mashi: "Wallahi ba wasa nike ba, ƙafa ta kumbura." Wannan ce Tambari ya tura ma jama'a, ya maido shi ciki. Halliru na Rabah ya ce, "Har da nishi! Wanga koke ya ci, a bar shi ciki." Sauran sunka bi da dariya.

Sai bayan azahar masu ban ruwa sunka tsince shi. Washegari ya cika a asibiti, Sakkwato.

Tambari ya ɗauki makara. Ya shigo ya yi mani gaisuwa ta bayan labule, har da kuka. Bai ce mani komi kan muryar ba.

Litinin, 29 ga Afrilu

Ban ci abinci ba. Sodangi. Yau na rubuta sunan da ban taɓa kira da bakina ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na yanke abin da zan yi. Ran sadakar arba'in Kawu Maccido zai shigo cikin gida ya yi ma mata addu'a, haka yake yi a kowace rasuwa ta dangi. A nan zan kunna mashi muryar, gaban kowa. Kawu liman ne, mutum ne da ba ya maida magana in ta fita. Ya taɓa hana ɗan ƙanenshi shiga gidanshi shekaru saboda abin da bai kai wanga ba. In ya ji, zai ɗebe ma Tambari albarka, kuma abin da nike so ke nan. Ina so ya yi yawo a garin ga uba na raye amma babu uba.

Na faɗa ma Uwaliya. Ta riƙe haɓa, ta ce, "Ladidi, Inna fa?" Inna Mairo, uwar maigidana, ƙanwar Kawu ce ciki ɗaya. Uwaliya ta ce gida biyu za su rabu har abada, tsohuwa ta rasa ɗa ta rasa gidan ubanta. Na ce su rabu. Ni wa ya tambaye ni kafin a raba nawa?

Asabar, 4 ga Mayu

Ban iya jira har arba'in ba. Guruf ɗin tun rasuwa babu abin da ke shiga sai addu'a da hotonshi riƙe da sanda, kowa na Allah ya jiƙan gwani. Bayan la'asar na ɗauko muryar nan ta biyu na tura musu, daga lambarshi.

Can Isa na Goronyo ya ce, "Innalillahi, wa ke riƙe da wayar ga?"

Na danna na yi magana, karo na farko da maza baƙi sunka ji muryata haka. Na ce, "Ni ce Ladidi, matar wanda kunka yi ma dariya. Ku sake saurare, ko yanzu ma za ta ba ku dariya."

Raina ya yi sanyi. Allah ya gafarta mani, na ji daɗi.

Talata, 7 ga Mayu

Na ɗauka Tambari zai cire lambar, ikonshi ne. Bai cire ba. Ya maida lambar maigidana shugaba kamarshi, ya rubuta layi ɗaya: "Matar taubashi, guruf na hannunki."

Mi yake nufi? In ji tausayinshi? To ya sani na iya. Na koma ranar Talatar nan, ina bin muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na ji dariyarshi na cire shi. Na fara da wani mai shagon taya na Goronyo, wanda ya kwaikwayi nishin.

Juma'a, 10 ga Mayu

Halliru ya kira bayan na cire shi. Na ɗauka.

Ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki saurare ni. Wallahi da mun sani, da ƙafa za ni taho daga Rabah. Sodangi ya fi kowa iya koke, shi ya sa ba mu..."

Na ce, "Koke kake yi mani?"

Ban jira amsarshi ba.

Na ce, "Bai ba ni dariya ba." Na kashe.

Uwaliya na tankaɗe a tsakar gida, ta ji. Ta ce ba ta san ni da wanga baki ba. Ni ma ban san kaina da shi ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Ruƙayyatu matar Tambari ta zo da fura. Da ita muke zuwa awon ciki da can, ita ta riƙe ni ran da na yi ɓari. Ta zauna bakin ƙofa tana murza gefen hijabi. Ta ce maigidanta bai ƙara zuwa teburin sinuka ba, sandar ma ya ba da ita. Ta ce da asuba shina zuwa ya tada injin ya ba shinkafarmu ruwa kafin ya je tashi gonar. Ba ta san dalili ba, na gani a idonta. Ta ɗauka son zumunci ne kawai.

Na ce ta gaishe shi. Da ta tafi na zuba ma awaki furar.

Wa ya sa shi? Shinkafar ta bushe mana. Da ya je gonar nan sau ɗaya ran da anka kira shi.

Alhamis, 16 ga Mayu

Inna ta leƙo ta same ni da waya a kunne. Ta ce, "Ɗiyata, mi kike ta saurare cikin abin ga kullum?" Na ce wa'azi ne, Inna. Ta ce madalla, Allah ya ba mu haƙuri. Ta rame ƙwarai, zanenta sai ta naɗa shi sau biyu. Tambari ke kai ta asibiti ɗaukar maganin hawan jini, bisa mashin ɗin nan.

Guruf saura mu biyu, lambar mamaci da Tambari. Waɗanda ba su yi dariya ba sun fita da kansu. Shi na bar shi da gangan, ina so ya zauna ciki ya ji shirun.

Laraba, 22 ga Mayu

Da kowa ya watse, sai na rasa abin yi da wayar. Na yi ta komawa baya, watannin da sunka wuce, ina neman muryarshi tana lafiya. Na samu da yawa, ashe shi ne ya fi kowa jefa baƙar nan.

Akwai koken da ya yi bara. Wai ya je wanka bakin dam ɗin Goronyo, wani kada ya fito ya ɗauke mashi wando, ga shi tsaye cikin ruwa, mata na wanki a gaɓa, Tambari ya taimaka ya kawo ko da buhun taki ne. Shina yi shina haki kamar gaske. Akwai wani kuma, wai ni na kulle shi cikin rumbu don ya ce miyata ta yi gishiri, ɓera na cin yatsanshi. Ni! Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mani ba, har Uwaliya ta rugo ta ɗauka kuka ne. Daga baya ya zama kukan.

A ƙarshen kowane ɗaya sai ya ce, "Wallahi ba wasa nike ba." Da irin nishin, da irin yankewar numfashin.

Na ji haushinshi yau, Allah ya jiƙanshi. Mutum ya yi ta rantsuwa a kan wando.

Amma wanga bai wanke kowa ba. Ɗan'uwanka ya kira ka sau biyu, ka buga mashi mana ka ji. Kira ɗaya.

Asabar, 25 ga Mayu

Gobe. Na aika an cika wayar da caji, na ƙure mata murya.

Lahadi, 26 ga Mayu

An yi sadaka. Maza a waje, mata cike da tsakar gida, an yi waina da gumba. Na zauna bakin ɗakina, wayar na cikin hijabi, yatsana na bisa wurin.

Kawu Maccido ya yi sallama. Idonshi ya yi rauni yanzu, Tambari ne ke riƙe da hannunshi. Ya zaunar da uban bisa kujera ya koma gefe ya durƙusa. Rabona da ganin fuskarshi tun kafin rasuwa, ya zama kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya dube ni sau ɗaya, ya dubi inda hannuna yake cikin hijabi. Ya sani. Bai tashi ba, bai roƙe ni da ido ba, ya sunkuyar da kai ya jira.

Kawu ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa ya ce, "Ina Ladidi?" Na ce ga ni, Kawu. Ya ce, "Ɗiyata, akwai abin da ke damunki da za mu iya?" Ban taɓa samun ƙofa a buɗe haka ba.

Sai Inna ta matso ta dafa gwiwar yayanta, ta ce, "Yaya, yaran ga biyu tare na yaye su, ka tuna? Uwar wanga na ciwo, na haɗa su." Ta juya wurin Tambari ta ce, "Kai ja'iri, yanzu wa za ka zaga?" Ta yi 'yar dariya, ita ce ta farko tun rasuwa. Tambari ya kifa fuska a ƙasa, kafaɗunshi na rawa.

Kawu na jirana. Na ce, "Babu komi, Kawu, sai addu'a."

Da sunka fita Uwaliya ta dube ni. Na ce mata hayaniya ta yi yawa, tsoho ba zai ji da kyau ba, gara in same shi shi kaɗai. Ta ce to. Ta ci gaba da tattara kwanoni.

Talata, 28 ga Mayu

An yi yayyafi da safe, na farko bana. Inna ta ci tuwo ta ƙara.

Na maida Halliru guruf, da Isa, da wasu. Ba don komi ba, an ce suna da bidiyon maigidana shina buga wasa, ni kuwa ban taɓa ganinshi bakin tebur ba, mace ba ta zuwa can. Halliru ya turo guda. Ga shi ya duƙa, ya lumshe ido ɗaya, harshe a waje kamar yaro na rubutu. Ya buga, baƙar ta gangara rami, wuri ya kaure da ihu. Ana jin Tambari daga baya shina cewa, "Fita, ɗan gwaggo, fita!" shi kuwa ya ɗaga sanda sama shina rawa. Na kalla har wayar ta yi zafi.

Mai shagon taya ban maida shi ba, kuma ba zan maida ba.

Muryar nan tana nan, Kawu ma shina nan, gidanshi ba nisa in na fita takaba. Ban ce na fasa ba.

Jiya da la'asar Tambari ya aiko da murya, ba cikin guruf ba, ga lambar kai tsaye. Doguwa ce. In na kunna zai gani daga can cewa na ji. Ban buɗe ta ba tukuna, ban kuma goge ta ba.